Gado Kamasho a Ƙofar Irjans

Duk wanda ya taɓa shiga motar Tsibiri daga Maraɗi a shekarun baya ya san muryar Gado, ko da bai riƙe fuskarsa ba. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ga giɓi a haƙoransa na sama, amma idan ya buɗe baki ya ce "Tsibiri mutum ɗaya!" har mai tuyar ƙosai da ke can tsallaken titi sai ta ɗago kai. A Tsibiri aka haife shi, can gonarsa ta gero take, can kuma iyalinsa suke har yau. Tun yana saurayi ya fara bin mota, daga baya ya zama kamasho, mai shirya layin motoci da lodin fasinja a tasha. Shekara ashirin da shida ya yi a wannan aiki. Ya san direban da ke son yin ratse a layi, ya san tsohuwar da za ta rantse kwandonta ba kaya ba ne, ya kuma iya shigar da mutum bakwai inda aka yi don biyar, kowa ya sauka yana dariya.

Sai zamani ya juya. Kabu-kabu suka cika gari, a daidaita sahu suka biyo baya, mutanen Tsibiri suka daina zaman jiran mota ta cika. Tasha ta yi sanyi. Gado yakan zo da safe ya zauna kan benci, ya sha shayi, ya yi kira sau uku ko huɗu, ya koma gida tun rana ba ta yi ba. Matarsa Zuliha ta ce gara ya haƙura ya rungumi gona. Ya ce mata gona ba ta mayar da magana, shi kuwa bai iya wuni bai yi gardama da kowa ba.

Wata damina, cikin watan takwas, Zuliha ta shiga gona da hantsi tsinkar yakuwa, kububuwa ta sare ta a ƙafa. Malamin asibitin garinsu ya yi mata abin da zai iya, ya ce maza a wuce da ita Maraɗi. Kafin azahar suna ƙofar sashen gaggawa na wani asibiti, wurin da kowa ke kira irjans.

Lokacin masassara ne, lokacin da sauro ke cin kasuwarsa. Gado ya sauko daga a daidaita sahu ya ga ƙofar ma ba a ganinta. Mutane ne maƙil, wasu tsaye, wasu zaune kan tabarmi, ga kwanonin fura, ga butoci, ga ƙullin kaya. Kowane mara lafiya ya zo da uwa, da kaka, da gwaggo, da maƙwabta biyu, da wanda ya biyo su don ya ji yadda za a ƙare. Gado ya goya Zuliha, ya ce gafara sau uku, ba wanda ya motsa. Ƙafarta kuwa sai ƙara kumbura take. Ya mayar da ita kan kujerar a daidaita, ya hau wani benci, ya cika ƙirji da iska.

"Kai jama'a! Wanda ba shi da lafiya ya ɗaga hannu!"

Kowa ya juyo. Hannuwa suka tashi nan da can, ba su fi talatin ba, cikin taron da ya haura ɗari da hamsin.

"To sauran ku mi kunka zo yi? Buki ake? Kowane mara lafiya mutum ɗaya ya tsaya mishi. Sauran duk ku koma gindin bedin can. Hajiya, har ke. Malam mai buta, kai nike kallo!"

Mutane suka ɗauka wani babba ne aka turo daga ofis. Aka fara naɗe tabarmi ana gunaguni, aka ja baya zuwa inuwar itacen. Hanya ta buɗe. Daga ciki wata doguwar mata mai tabarau ta fito don ta ga wane ne ke ihu a ƙofarta. Majo Mansura ce, shugabar malaman jinya na sashen, wadda ta shekara goma sha tara tana kutsawa cikin wannan taro kowace safiya. Ta kalli filin da ya buɗe, ta kalli gajeren mutumin da ke kan benci, sannan ta ga ƙafar Zuliha. Nan take ta sa aka shiga da ita.

Kwana huɗu Zuliha ta yi a kwance. Gado bai iya zaman jinya ba. Da ya ga ta samu barci sai ya sulale ƙofa, ya hau bencinsa, ya raba masu lafiya da marasa lafiya. Tsohon mai gadin wurin, wanda ƙafafunsa suka gaji tun tuni, ya ba shi kujerarsa da murna. Ranar da za a sallame su Majo ta kira shi.

"Malam, wai aikin mi kake yi?"

"Kamasho ne ni, ranki ya daɗe. Tashar Tsibiri."

Ta yi dariya har ta cire tabarau. "Shi ya sa. Mai gadinmu zai aje aiki ƙarshen wata. In na yi magana da shugaban asibiti, za ka zo?"

Da ya kai wa Zuliha labari, ta dube shi daga kan gado ta ce, "Ikon Allah. Ni maciji ya sara, kai ka samu aiki."

Aka ba shi shuɗiyar riga wadda maɓallanta suka ƙi haɗuwa a ƙirjinsa. Ya fara aiki da dokar da ya sani tun yana yaron mota: wanda ya riga zuwa shi ke fara shiga. Ya samo kwalayen sukari, ya yanka ƙanana, ya sa aka rubuta musu lamba. Kowa ya iso ya karɓi tasa ya bi layi. Ba ratse, ba sanayya, ba ɗan unguwarmu. Faɗa ya ragu a ƙofa, Gado kuwa yana tafe yana buɗa hannu kamar shi ya gina asibitin.

A mako na uku wata mata mai suna Tahira ta zo daga Jiratawa da 'yarta Rahma a goye, yarinya 'yar shekara ɗaya da rabi. Ta gaishe shi a hankali, ya ba ta lamba arba'in da ɗaya, ya nuna mata gefen bango inda akwai inuwa. Ta zauna ba ta ƙara cewa uffan ba, yarinyar ma ko kuka ba ta yi. A gaban layi kuwa wani ƙato ne da ɗan yatsa ya kumbura, yana ta kururuwa yana kiran uwarsa. Hankalin Gado duk yana kansa, yana ba shi haƙuri, yana cewa saura mutum huɗu.

Majo ta fito shan iska. Ta bi layin da ido tun daga gaba har baya, sai ta nufi gefen bango da sauri. Ta yaye zanen goyon, ta ja fatar idon yarinyar ta duba, ta buɗe tafin hannunta. Nan take ta kwance ta daga bayan uwar, ta rungume ta, ta ruga ciki. Gado ya bi ta yana ɗaga murya.

"Majo, lambarta arba'in da ɗaya!"

Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Masassara ta shanye jinin yarinyar. Aka yi mata ƙarin jini, Allah ya sa da sauran kwana. Bayan la'asar Majo ta aika a kira Gado. Ya shiga da hula a hannu, ya riga ya saddaƙar aikin ya ƙare. Ta nuna masa kujera.

"Baba Gado, awa nawa matar nan ta yi a layinka?"

"Ta kusa biyu."

"Da ta ƙara ɗaya, da yanzu wani zance muke."

Ya sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo masa, ya share da hular.

"Ban kira ka don faɗa ba," in ji ta. "Laihina ne da ban zaunar da kai tun farko ba. A tasha wanda ya riga zuwa shi ke shiga, kuma daidai ne. Nan kuwa wanda ya fi kusa da halaka shi ke shiga, ko yanzu ya sauka daga babur. Wanda kaj ji yana ihu yana da ƙarfin ihun. Ka riƙa neman wanda ya yi shiru."

Ta zauna ta koya masa abubuwan da zai riƙa dubawa: yaron da ya yi laushi ya ƙi nono, wanda ke sanƙarewa, mai numfashi sama-sama, mai zubar jini, mace mai ciki da ta riƙe mara, wanda maciji ya sara. Ta ce shi ba lokotoro ba ne, wato likita, kada ya taɓa cewa ga ciwon da ke damun wani. Nasa ya gani, ya kawo.

Ashe Majo ta daɗe tana son aje tebur a bakin ƙofa, a zaunar da malamin jinya ɗaya wanda zai duba kowa da isowarsa kafin a ce ya jira. Cunkoso ne ya hana, don a da ko kujera ba ta samun wurin tsayawa a ƙofar. Yanzu da fili ya samu, washegari aka fito da teburin. Aka yi kati kala uku. Mai ja ba ya jira ko kaɗan. Mai ruwan ɗorawa ya zauna kusa, inda ido ke kansa. Mai tsanwa ya jira, ko kuma a nuna masa asibitin unguwarsu idan abin nasa bai kai na irjans ba. Masu zuwa wankin ciwo da sauya bandeji aka ware musu wani ɗaki a gefe da safe. Kwalayen sukarin Gado ba a zubar da su ba, aka bar su don jera masu tsanwa.

Gado kuwa, ranar da aka ceto yarinyar, bai iya shan furarsa ba sai da ya je gadon da Rahma ke kwance, ya durƙusa ya nemi gafarar uwarta. Tahira ta rasa abin da yake nufi.

"Baba, mi ka yi mini? Ai kai ka ba ni wuri a inuwa."

Tun daga nan Gado ya daina zama kan kujera. Yana bin layi yana leƙa bayan mata, yana cewa, "Ɗiyata, buɗe in ga maigidan." Idan ya ga abin da bai kwanta masa ba, sai ya kama hannun uwar ya kai ta tebur. Sau da yawa yakan yi kuskure, malamin jinya ya duba ya ce ba komai, a koma a zauna. Majo ta ce irin wannan kuskuren ya yi ta yi.

Katin tsanwa ne ya jawo masa baƙin jini. Ba wanda ke son a ce ciwonsa ƙarami ne. Wata tsohuwa ta jefa masa nata a ƙirji ta ce ita tun daga Tsibiri ta zo, ba za a ba ta kalar ganye ba. Gado ya ɗauka ya kakkaɓe ya miƙa mata da hannu biyu. "Inna, wannan katin shi kowa ke roƙon Allah ya samu. Masu ja ɗin can da za ki ba su naki, da sun yi miki godiya." Ta karɓa tana harararsa, amma ta zauna.

Wata ranar Laraba wata doguwar mota baƙa ta tsaya a ƙofa. Alhaji Abdulƙarim ne, ɗan kasuwa daga unguwar Zariya, wanda manyan motocinsa ke zuwa Kwatano da Kano. Babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, ba ya iya taka ƙasa, lokotoronsa kuma ya yi tafiya. Mutum shida suka rako shi. Malamin jinya ya duba ƙafar, ya gwada jininsa, ya kalli Gado, Gado ya kalle shi, sannan malamin ya miƙa wa Alhaji katin tsanwa. Ɗaya daga cikin 'yan rakiyar ya taso.

"Kai, ka san ko wane ne wannan?"

"Na san shi tun yana da mota ɗaya," in ji Gado. "Ni nike yi mata lodi."

Alhaji ya ɗago ya ƙura masa ido. "Gado? Kai ne nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Akwai yara uku a ciki da ake ƙoƙarin ceto, ga mai naƙuda. A yi haƙuri a ɗan zauna. Mutum ɗaya ya tsaya maka, sauran gindin bedi."

Alhaji ya kau da kai. Ya ƙi zama a layi, ya ce a kai masa kujera gindin bedin shi ma. Bai yi rabin awa da zama ba hadari ya taso daga gabas, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Motarsa ta tafi shan mai, ba wurin fakewa. Shi da matan ƙauye da kwanoninsu duk suka jiƙe sharkaf, babbar rigarsa ta shadda ta manne masa a jiki. Da layi ya zo kansa aka duba shi, aka rubuta masa magani, ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Gado ya yi ta jiran takardar kora. Mako biyu shiru. Ranar Asabar sai ga mota ta sauke kwanon rufi da ƙarafa da buhunan siminti, da maƙera biyu. Direban ya nemi Gado ya isar da saƙo: Alhaji ya ce har yanzu bai huce ba, kuma ba zai sake taka asibitin nan ba, amma abin kunya ne a bar mutane cikin ruwa. Cikin kwana goma aka tsayar da rumfa babba da bencina na siminti. Alhaji ya cika alkawarinsa, bai sake zuwa ba, ko ganin rumfar bai zo yi ba.

Da ƙofa ta gyaru sai Gado ya lura da wani abu a ciki. Wata rana da azahar ya shiga da mai jan kati, ya tarar ba gado, aka shimfiɗa masa tabarma a ƙasa. Ga kuma mutum uku zaune kan gadaje da kayansu a ɗaure, suna cin gyaɗa. Ya tambaya, aka ce tun safe aka sallame su. Ɗaya tana jiran ɗanta ya gama ban ruwa a Jiratawa ya zo ya ɗauke ta, ɗaya yana jiran wansa ya tashi daga kasuwa, ta ukun ma ba ta san wanda za ta jira ba.

Wannan kam aikinsa ne na asali. Ya ɗauki salula ya kira Maman Lawali, tsohon direban tasha wanda ya sayar da motarsa ya koma tuƙa a daidaita sahu.

"Maman Lawali, kana ina? Ina da fasinja."

"Fasinja a asibiti? Masu rai dai ko?"

"Sun fi ka lafiya. Ka zo ƙofar baya, ka taho da mutum biyu masu hankali, ban da masu gudu."

Da izinin Majo aka aje benci biyu a ƙofar baya. Duk wanda aka sallama, Gado ya ɗauki ƙullinsa ya raka shi can, ya haɗa 'yan hanya ɗaya: na Tsibiri gefe, na Jiratawa gefe, na cikin gari gefe. Da yake haɗaka ce, abin ya zo wa kowa da sauƙi. Ranar farko daɗi ya kwashe shi, ya tsaya tsakiyar baranda ya kwarara, "Jiratawa mutum ɗaya!" Wani lokotoro ya leƙo ta taga ya ce idan ya sake, shi zai fara kwantarwa. Tun daga ranar yake bin gado-gado yana faɗa a kunne. Gadajen da a da ba sa samuwa sai magariba suka riƙa samuwa tun kafin azahar.

Ba a ce komai ya gyaru ba. Idan watan tara ya kama, masassara ta yi ƙamari, har yanzu akan kwantar da yara biyu a gado ɗaya, malaman jinya su wuni ba su zauna ba, rumfar ma ta cika ta batse. Akwai ranakun da Gado ke komawa Tsibiri ransa a ɓace, Zuliha ta aje masa tuwo ta bar shi. Amma mutumin da a da zai zo da sassafe bai ga malamin jinya ba sai la'asar, yanzu da isowarsa ake duba shi a ƙofa. Daga wasu asibitoci ma an zo an ga yadda teburin yake aiki, Majo ta yi musu bayani, Gado yana gefe yana gyara mata inda ya ga ta rage.

Shekararsa shida ke nan a ƙofar. A Tsibiri yanzu Lokotoro Gado ake ce masa, ya hana har ya gaji. Mata kan kawo masa yara gida da safe kafin ya fita. Ba ya ba da ko ƙwaya ɗaya. Ya dai duba ido, ya duba tafin hannu, ya ce, "Tahi asibitin gari yanzu, kada ki tsaya daka," ko kuma ya ce, "Hau mu tahi Maraɗi tare."

Bana da kaka 'yarsa Nafisa ta haihu, aka yi suna a gidansa. Jama'a suka taru har ƙofar zaure ta toshe, masu shiga da masu fita suka cakuɗe. Gado ya fara mutsu-mutsu kan tabarma. Zuliha, wadda ta san halin kayanta, ta aiko daga cikin gida a ce wa Malam yau ba ranar aiki ba ce, ya zauna a gaishe shi kamar kowane kaka. Ya zauna. Ya karɓi gaisuwa biyar, ya raba goro. Can sai idonsa ya faɗa kan wani tsoho a ƙarshen rumfa, ya jingina da bango, kai a langaɓe, kowa na hira shi ya yi shiru. Gado ya miƙe ya tsallake mutane, ya durƙusa gabansa, ya sa yatsa ya ja fatar idonsa.

Tsohon ya zabura ya buge masa hannu. "Kai, lafiya? Barci nike!"

Aka fashe da dariya har cikin gida. Gado ya ce to alhamdu lillahi, ya sa aka kawo wa tsohon fura mai sanyi, ya koma tabarmarsa ya zauna, aka ci gaba da suna.